Gaba Nawa Ya Rage a Rijiyarmu, Bukar?

Assalamu alaikum, Bukar. Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka a hanyar da za ka kama ranar Asabar, ya kai ka masaukinka lafiya. Na gama gaisuwa.

"Inna, ki ba ni zuwa ƙarshen kaka. Zan sa a ɗaura mita a bakin kowace burtsatse ta kamfani, in kawo miki yawan ruwan da muke ja kullum a rubuce, ki ajiye kusa da littafinki." Maganarka ce. A zauren gidan nan ka faɗe ta, kana ɓare ɗanyar gyaɗa, Goggo Hansai maƙwabciyarmu tana zaune tana ji. Kaka ta wuce, gero ya shiga rumbu, sanyi ya zo ya tafi, ga mu a tsakiyar bazara. Takarda ban gani ba. Abin da na ji shi ne kamfanin shinkafar ya yi maka ƙarin girma, za ka koma babban ofishinsu a Abuja ka riƙe harkar ruwa ta duk masana'antunsu. Shi ma a bakin matarka na tsinta.

Na zaɓi rubutu ne saboda na san kaina. In na buɗe baki zan ɗaga murya, kai kuma ka sunkuyar da kai ka ce "To, Inna," irin "to" ɗin nan taka da ba ta taɓa haifar da komai ba. Takarda ba a ce mata to a wuce.

Ga halin da za ka tafi ka bari. Sau biyu aka ƙara wa igiyar rijiyar unguwa tsawo a ranin nan. Kafin hantsi guga ya fara fitowa da laka. Mun kira masu yasa, suka shiga suka fito suka ce sun taka dutse, ba sauran inda za a haƙa. In ta ƙafe kafin ruwa ya sauka, tsofaffin unguwar nan da masu ciki za su koma ɗauko ruwa daga tankin makaranta, kuma ka san nisan.

Kada ka ɗauka na ce kamfaninku ne ya shanye ta. Ban sani ba. Rashin sanin ne yake ƙona mini rai, domin wanda zai iya sanar da ni, ni na haife shi. Dalilin da ya sa ba na saurin ɗora laifi kuwa, bari in gaya maka, tunda kana ƙarami lokacin.

Babanka, Allah ya jiƙansa, shi ya fara littafin rijiya. Duk farkon wata yakan zura igiya da dutse a ɗaure, in ya ji ta taɓa ruwa ya janyo, ya auna da gaba, ya rubuta. Da ya rasu na ci gaba da yi, rabi don kewa, rabi don son sani. Watan farko da na auna sai na ga ruwa ya yi ƙasa da kusan gaba biyu a kan na bara. Hankalina ya tashi. A shekarar ne kuma Malam Ɗayyabu ya kafa injin ban ruwa a fadamarsa yana noman tumatir. Na haɗa biyun nan a kaina, na yafa mayafi, na tafi har bakin gonarsa da littafi a hannu.

Na ce, "Malam, tumatirinka ya sha rijiyarmu. Ga shi a rubuce."

Ya karɓi littafin ya duba, ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce, "Malama Falmata, wannan layin wa ya auna?"

Na ce, "Marigayi."

"Wannan fa?"

"Ni."

Ya ce, "Allah ya jiƙan mijinki, mutumin da yake tsinko mangwaro ba ya neman sanda. Ke kuma ko allon ajinki sai kin hau kujera kike goge samansa. Buɗe hannuwanki mu ga gaban naki."

Ma'aikatansa suka kwashe da dariya. Ni da na shekara goma sha wani abu ina koya wa yara awo da rula, ban taɓa kawowa a raina cewa gaban babanka da nawa ba ɗaya ba ne. Rijiya ba ta motsa ba, hannuwa ne suka gajarta. Har ya bar duniya, in mun haɗu a hanya sai Malam Ɗayyabu ya ce, "Malama, yau da hannun wa aka auna?" Washegarin zuwana gonar tasa na sa tela ya ba ni tsohon tef ɗinsa, na ɗaura wa igiya ƙulli a kan awo ɗaya, na riƙa aunawa ranar ɗaya ga wata da sassafe kafin kowa ya jefa guga. Tun daga nan awona bai canza ba.

Abin da na koya shi ne, kafin ka tuhumi wani ka tabbata ma'auninka ɗaya ne jiya da yau. Amma da na ƙara shekaru sai na gane wanke mutum ma yana buƙatar ma'auni. Na karanta rahoton da ka bari a kan tebur, wanda ka rubuta wa manyanku game da haɗarin sauyin yanayi ga harkar kamfani. Shara ta kai ni ɗakin, na ga takarda, na zauna na karanta, ba kuma zan ba da haƙuri ba. A shafi na huɗu ka ce babu alamar cewa jan ruwan kamfani ya taɓa rijiyoyin maƙwabta. Da me ka auna, Bukar? Yaushe ka leƙa rijiyar? Ni aƙalla na yi kuskure da igiya a hannuna. Kai ka yi naka a zaune.

Akwai wurin da ya fi wannan ba ni mamaki. Ka jera abubuwan da ke iya cutar da kamfani: fari, ambaliya ta cinye hanya, tsadar man inji, sai kuma "ƙorafin mazauna yankin." Na karanta layin sau uku kafin na gane ni ce. Ka sa ni da Goggo Hansai a sahu ɗaya da ambaliya. Da na gaya mata sai ta ce, "Ashe yaron nan ya san ni." Ni ban yi dariya ba. Rahoton ya yi ta tambayar abin da ƙarancin ruwa zai yi wa kamfani, bai tambayi abin da kamfani zai yi wa ruwan ba ko sau ɗaya.

Bari in kai ka gonarmu, don akwai wata wautar da na tafka a can. Shekara ta biyu bayan rasuwar babanka aka yi wani ruwa mai ƙarfi da wuri, ƙasa ta jiƙe, ƙamshi ya tashi. Tsofaffi suka ce a dakata. Ni kuwa na ji hasashe a rediyo cewa damina za ta yi albarka, sai na ɗauka an ba ni izini. Na fitar da irin gero gaba ɗaya, har wanda babanka ya saba warewa a tukunya don ko ta kwana, na shuka. Ya tsiro gwanin sha'awa. Daga nan sama ta yi shiru kusan mako uku. Ina tsaye ya murɗe ya bushe. Da ruwan gaske ya zo, ba ni da ƙwaya ɗaya ta sake shuka, sai da na bi gidaje ina roƙon iri kamar wadda ba ta taɓa noma ba. Abin haushin, masu hasashen ba su yi ƙarya ba. Damina ta yi albarka a ƙarshe. Ni ce ban san bambancin maganar damina sukutum da maganar ruwan rana ɗaya ba.

Wannan kunya ce ta sa na kafa gwangwani a kan turke a tsakar gida, nesa da indararo, nake zura rula bayan kowane ruwa. Ka tuna kuna yi mini dariya, kuna cewa Inna tana ba sama maki. To, ga abin da gwangwanin ya nuna mini, kuma har yau yana ɗaure mini kai. In na tara ruwan shekara, sau da yawa bai kasa na da ba, wani lokaci ma ya fi. Amma zuwansa ne ya canza. A da yakan rarrabu, yau kaɗan, jibi kaɗan. Yanzu sai ya yi shiru har ganye ya lanƙwashe, sannan ya sauko rana ɗaya kamar an kifar da randa, ya rushe katangu, ya tsaga gona, ya bi kwari ya tafi. Na karanta cewa iska in ta yi zafi tana riƙe danshi fiye da da, shi ya sa in ta tashi saki take saki da yawa. Wannan na fahimta, duk wadda ta taɓa shanya a watan zafi za ta fahimta. Abin da ban gane ba shi ne rabon ƙasa a ciki. Ruwan da ya zo da gudu haka, yana samun lokacin nutsewa ya kai inda rijiya take sha? A wani littafi na ga an ce irin wannan mamakon ne ma yake cika ƙarƙashin ƙasa, in ya taru a kududdufai ya kwanta. To mu kududdufanmu biyu an cike su an yi gini a kai, ɗaya a ƙarƙashin rumbun ajiyarku yake. Ko wannan yana da hannu? Kuma burtsatsenku da suka huda dutse suka yi zurfi, ruwansu daban ne da namu, ko kuwa ta tsagar dutsen namu yake zirarewa ya same su? Kai ka karanci ilimin ƙasa da ruwa shekara huɗu. Ni littattafan da ka gama da su nake bi da tabarau. Ba gatse nake yi ba, da gaske nake son sani.

Shawarata daga gonar nan ita ce: kada ka tsara aikin shekara ashirin a kan damina ɗaya mai kyau. Kun ƙara tukwanen turara shinkafa bayan shekarar da ruwa ya yi yawa, kamar yadda na juye irina bayan ruwan farko. Ka tambayi kanka me kuka ware a tukunya don shekarar da sama za ta yi shiru.

Kada kuma ka ɗauka kamfani kaɗai ke iya ɓarnar ruwa. Na yi tawa ina shugabar makarantar firamare. Aka haƙa mana burtsatse mai aiki da hasken rana, aka ɗora tanki a sama. Rana na fitowa famfo ya kama, kafin azahar tanki ya cika, daga nan sai ya yi ta ambaliya har la'asar. Ruwa ya bi bayan azuzuwa ya yi tafki, agwagin unguwa suka tare a wurin. Kusan shekara biyu ina wucewa ta gefensa kullum da rajista a hammata, ban ji komai ba. Rana kyauta ce, ba mai da za a saya, ba wanda ya yi gumi. Rannan Goggo Hansai ta zo kawo jikanyarta, ta tsaya ta daɗe tana kallon ruwan yana zuba.

Ta ce, "Hedimasta, wannan na wa ne?"

Na ce, "Na gwamnati ne, Goggo."

Ta ce, "Gwamnati ce ta zuba shi a ƙasan? Ni na ɗauka a wuri ɗaya muke ɗiba. Jiya guga goma sha biyu na ja, kowanne kafaɗata ta san da shi. Ke naki ba kafaɗar da ke ciwo, shi ya sa kika bar wa agwagi."

Washegari na aika a kira mai gyara. Maganin kuwa ɗan ƙaramin abu ne da mai gyaran famfo ya ɗaura cikin rabin awa, wanda ke tsayar da ruwa in tanki ya cika. Shekara biyu saboda rabin awa. Daga baya na lura haka abin yake a asibiti, da masallacin Juma'a, da duk inda ruwa ya zama na kowa. Mai guga ya san abin da ya ja, jikinsa ke gaya masa. Ma'aikata ba ta da jiki, sai an sa mata mita an kuma naɗa mutum ɗaya da zai riƙa dubawa, wanda za a kira sunansa in ta ɓaci. A kamfaninku mutumin nan kai ne. Ina ganin ruwan da kuka jiƙa shinkafa da shi yana fita ta magudanar baya da ɗuminsa, yana tafiya banza. Ba a iya tace shi a sake wani aiki da shi? Rufin kwanonku ya fi filin makarantarmu faɗi, ina ruwan saman da yake tarewa yake zuwa? Ka kai tambayoyin nan Abuja, kyauta na ba ka.

Saura kuskuren da ya fi nauyi, kuma kai ne a tsakiyarsa. Ranar da masu kamfanin suka zo ƙofar dagaci neman amincewar gari, mu mata muna bayan katanga a kan tabarmi. Suka yi maganar hanya, da wutar lantarki, da aikin yi. Dagaci ya leƙo ya ce, "Malama Falmata, ke ce mai karatun cikinsu, akwai tambaya?" Akwai. Tana bakina, har na shirya ta: burtsatse nawa za ku haƙa, zurfin me, ruwa nawa a rana, wa zai riƙa aunawa? Amma a safiyar ranar wani daga cikinsu ya ce mini sun ji ina da ɗa da ya gama karatun ruwa yana zaune ba aiki. Shekara biyu kana kwance a ɗakin nan kana kallon rufi. Na dubi ƙasa na ce, "Ranka ya daɗe, babu. Allah ya sa albarka." Mata suka ce amin, domin sun ɗauka in da abin tambaya da na tambaya.

Ba wanda ya saye ni. Ni na yi shiru da kaina, na kuma ce wa zuciyata ai ɗana zai shiga ciki, idona zai zama. Shi ya sa fushin da nake yi da kai rabinsa nawa ne. Na koya maka durƙusa wa manya, da cire takalmi, da sassauta murya, kuma ban yi nadama ba. Abin da ban koya maka ba shi ne yadda ake cewa "ranka ya daɗe, wannan layin ba zan sa masa hannu ba sai na auna," cikin ladabi, ba tare da an janye ba. Ban koya maka ba don ni ma ban iya ba. Inda za ka, za a riƙa miƙo maka takardu a kan garuruwan da ba ka taɓa shan ruwansu ba. Kowanne yana da tsohuwar da ke jan guga, sai dai ba ta da ɗa a ofis. Ka yi tambayar tun ranar da take bakinka. In ka haɗiye ta, ba ta narkewa, tawa shekara shida ke nan tana nan.

Wani abu na ƙarshe daga littafina. Watan jiya injinku ya lalace, kuka yi kwana huɗu ba aiki. Na auna kowace safiya. Ruwa ya hau da taki biyu. Na kusa yafa mayafi in taho ƙofarku, sai na tsaya na yi tunani: a makon ne rabin unguwa suka tafi biki Minjibir, masu jan ruwa suka ragu. Ka ga ban san wanne ya ɗaga shi ba. Gwajin ya gurɓace. Ina son a sake shi da tsabta: ku tsayar da famfunanku kwana uku a makon da kowa yake gida, ni in auna rijiya safe da yamma, wani naku ya tsaya kusa da ni ya ga ƙullin igiyar da idonsa. In ruwa bai motsa ba, zan je ƙofar dagaci in faɗa da bakina cewa kamfani ba shi da laifi, mu nemi dalili a wani wuri. Na taɓa jin kunya a gaban mutane, ban mutu ba. In kuwa ya hau, sai ku zauna da mu a raba: ku rage ja a bazara, ko ku jawo mana famfo, ko ku tono kududdufin da kuka binne. Kamfanin da ya ƙafar da maƙwabtansa, shi ma layinsa na zuwa, wannan ko rahotonka ya yarda.

Na ba ka Juma'a uku daga wadda za ta zo. Kafin a sauko daga masallaci a ta ukun, ina son takarda mai sa hannunka da ta faɗi zurfin burtsatsen, da abin da ake ja a rana, da ranar da za a yi gwajin. Yanzu kana da ikon da ba ka da shi a kaka, saboda haka uzurin "manya ba su yarda ba" ya ƙare, kai ne manyan.

In ranar ta wuce shiru, Asabar da safe zan ɗauki bokiti da agogo in zauna a bakin magudanar bayan kamfani, a kan hanyar da kowa ke bi. Zan ƙirga daƙiƙa nawa bokiti ke cika, sau biyar a yini, kwana bakwai. Abin da ya fita zai ba ni hasken abin da ya shiga. Goggo Hansai ta ce za ta riƙe mini lema. Daga nan in haɗa da littafin rijiya da na gwangwani in kai wa dagaci, in hau mota zuwa Kano in miƙa wa ma'aikatar ruwa ta jiha. In suka tambaye ni wane jami'i ne ke riƙe da alƙaluman kamfanin, ba zan dubi ƙasa ba. Zan ba su cikakken sunanka, in rubuta musu shi da kaina don kada su yi kuskuren harafi, ni na raɗa shi.

Na sa maka ƙuli-ƙuli da yaji a jakar baya, kada matarka ta ɗora kaya a kai. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka riƙa kiran ƙannenka. Allah ya kiyaye hanya, ya raba ka da mugun direba da mugun aboki, ya ba ka shugabanni masu jin gaskiya, ya ba ka bakin faɗa musu ita. Allah ya saukar mana da damina mai taushi, wadda ƙasa za ta sha a hankali. Allah ya yi maka albarka, wannan ba ta da wa'adi. Takardar ce ke da shi.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Falmata